Ta'aziyyar Wanda Ba A Binne Ba

Badi'a na tsakar gida tana tace gasara ta ji sallamar Baffa Hambali a zaure. Ta san muryar sarai. Ƙanin mahaifin saurayinta Zainulabidin ne, shi ya jagoranci masu sa rana daga Gwarzo wata biyu da suka wuce, ranar har tsokanarta ya yi, ya ce a gaya wa amarya a gidansu ba a cin tuwo mai gudaji.

Yau babu tsokana. Gaisuwar ma a gajarce aka yi ta, kuma zauren mahaifinta Malam Datti ba ya riƙe magana, duk abin da aka faɗa a ciki sai ya faɗo tsakar gida.

"Malam, ba da rigima na zo ba," in ji Baffa Hambali. "Amma abin da ya same mu ranar Talata, tunda nake ban taɓa jin irinsa ba. Mata bakwai, daga Lakwaya da Mainika, wasu da hatsi a ka, suka faɗo gidan ɗan'uwana suna salati. Wai sun zo yi wa Uwaliya ta'aziyyar mijinta."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! An samu labarin Malam Nata'ala ne?"

"Ba a samu komai ba. A rediyo suka ji. A littafin 'yarka."

Matacin ya suɓuce daga hannun Badi'a, gasarar ta fantsama a zaninta. Ba ta ko duba ba.

Bari in koma baya kaɗan don a fahimci yadda aka yi. Badi'a malamar aji uku ce a wata firamare a nan Kabo, kuma tun tana sakandare take rubutu. Littattafai huɗu ta yi a waya, tana turawa zaurukan WhatsApp shafi-shafi, duk labarin attajiran Abuja ne da gidaje masu hawa uku. Jarumin littafinta na farko sai da ya sauka daga jirgin sama sau shida, alhali ita ko filin jirgin Kano ba ta taɓa leƙawa ba. Masu karatunta ba su wuce ƙawayenta ba, su ma don kunya. Irin labarin ya cika waya, kowa na yi, wasu ma sun fi ta iya ƙaryar.

Sai wata ranar Lahadi da yamma, Zainulabidin ya zo zance ba walwala. Ta matsa masa, ya buɗe mata abin da bai taɓa buɗe wa kowa ba. Mahaifinsa ya tafi ci-rani kudu yana da shekara takwas, yau shekara goma sha tara ba shi ba labarinsa. Alƙali ya ce zai raba auren, mahaifiyarsa Inna Uwaliya ta ƙi. Dangi sun ce ta yi takaba, ta ƙi. Duk ranar Alhamis sai ta ɗauko hular da ya bari, ta wanke ta, ta kifa a kan tulu ta bushe, don kada ya dawo ranar Juma'a ya rasa ta zuwa masallaci.

A daren Badi'a ba ta ci abinci ba. Washegari ta sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, ta fara sabon labari mai suna Hular Alhamis.

Ta canza sunaye, ta canza gari. Amma hular tana nan, tulun yana nan, alƙalin yana nan, shekarun ma guda ɗaya kawai ta rage. Kafin ta kai shafi na ashirin labarin ya fita daga hannunta. Matan da ba ta sani ba suna kiranta daga Funtuwa da Gusau suna kuka. Zaure ya tura wa zaure. Har wani mai karanta littattafai a wani gidan rediyo a Kano, Abubakar Sadiq, ya nemi izininta ya fara karanta shi duk yamma, yana ambaton sunanta a farko da ƙarshe: Badi'a Datti Kabo. Abin da littattafai huɗu ba su ba ta ba, wannan ya ba ta cikin wata uku.

Zainulabidin ya sani, ya kuma yi shiru, don yana ganin farin cikinta, kuma yana zaton ba mai ganewa. Abin da bai sani ba shi ne ƙarshen. A babin ƙarshe Badi'a ta kawo wani matafiyi ya yi sallama a ƙofar gidan matar, ya ce mijin ya rasu tun shekararsa ta biyu da tafiya, baƙi suka binne shi a gindin wata bishiyar goro. Abubakar Sadiq ya karanta wurin da irin muryar da ake sanarwar rasuwa. Tsofaffin Lakwaya da suka daɗe da gane wa ake nufi ba su tsaya bambance labari da sanarwa ba, suka ɗauki mayafansu.

Kamar wannan bai isa ba, a makon sai ga littafin a kasuwa, bugagge, da wani suna daban, da sunan wata marubuciya a Kano da ake kira Hajiya Zinnira, mai littattafai sama da ashirin. Ta ce nata ne tun shekarun baya, yarinyar ƙauye ce ta samu rubutun ta kwafa. Ƙungiyar marubuta ta sa ranar Asabar a zauna, kowacce ta zo ta faɗi inda ta samo labarinta.

To, a kan wannan zaman Baffa Hambali ya zo.

"Magana biyu ake yi a gari," ya ci gaba. "Wasu sun ce 'yarka ta rubuta, wasu sun ce wata mata ce a Kano. Idan ta Kanon ce, ba ta san mu ba, ba mu san ta ba, dace aka yi, sai mu gaya wa mutane haka bakinsu ya mutu. 'Yarka ta kwafa, ƙuruciya ce, mun yafe, biki na nan bayan kaka. Idan kuwa 'yarka ce, to daga bakin ɗanmu ta ji. Ta kai cikin gidanmu rediyo tun ba ta taka shi ba. In ta shigo fa?"

Malam Datti ya gyara murya.

"Wato Alhaji, in ta ce ita ɓarauniya ce ku karɓe ta, in ta ce mai gaskiya ce ku fasa."

"Ni dai saƙo na kawo, Malam. Muna jiran Asabar."

Da baƙon ya tafi, Malam Datti ya shigo ya tsaya a kanta. Mutum ne da bai iya faɗa ba, wannan ya sa shirunsa ya fi duka ciwo.

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce, Baba."

"Kin nemi izinin baiwar Allahn nan?"

Ta sunkuyar da kai. Hawaye suka fara ɗiga a kan gwiwarta.

"To kin ci amana," ya ce a hankali. "Amma ban haifi ɓarauniya ba, kuma ba zan ce ki je gaban jama'a ki laƙa wa kanki sata ba. Ba kuma zan ce ki saki yaron nan ba, na san yadda kike da shi. Ke kika ƙulla, ke za ki kwance."

Umma Altine, mahaifiyarta, ba ta da wannan haƙurin. Malam na fita ta ajiye muciya ta yo kanta.

"Ki ce kin kwafa mana! Kalma nawa ce? Takarda ce za ta zauna da ke? Ita za ta yi miki sannu ranar da kike ciwo? An ɗinka kayan ɗaki, an gaya wa dangi har na Ɗayi, yanzu ki ja mana a ce an fasa aurenki saboda rubuce-rubuce? Sunan naki da ake faɗa a rediyo, dafa shi za mu yi?"

"Umma, in na ce na kwafa, ba mai sake karanta ko layi ɗaya nawa har in mutu."

"Sai me? Mu da ba a karanta mu ba, mutuwa muka yi?"

Bayan la'asar ta ji tsayuwar babur ɗin da ta fi sani a duniya. Ta zura hijabi ta fita. Zainulabidin na tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gida, bai shimfiɗa dardumar da ya saba ba. Gyaran injin ban-ruwa yake yi a Gwarzo, kuma yau da alama daga wajen aikin ya taho kai tsaye, don baƙin mai na nan a hannunsa. Idanunsa sun yi ja.

Suka gaisa kamar baƙi.

"Me ya sa ba ki gaya min za ki kashe shi ba?" Abin da ya fara cewa ke nan.

"Zainu, labari ne..."

"A wajenki. Ni ubana ne." Muryarsa ta karye. "Ina shago aka kira ni, na je na tarar da mata cike da tsakar gida suna cewa Allah ya ji ƙan Malam. Inna na zaune a tsakiyarsu kamar an dasa ta. Kin san me ta tambaye ni? Ta ce, 'Kun samu labari kuka ɓoye min?' Ni, Badi'a. Ni take tambaya ko na ɓoye mata mutuwar ubana."

Badi'a ta durƙushe a wurin, ta rufe fuska da hijabi, kuka ya ƙwace mata.

"Wallahi ban yi tunanin zai kai nan ba. Wallahi saboda girmanta da na gani na rubuta. Ban taɓa jin mace irin Inna ba, na ga bai kamata a ce duniya ba ta san da ita ba."

"Ai duniya ta sani yanzu."

Ya tsugunna nesa da ita kaɗan. Fushin ya fara sauka, abin da ya rage ya fi fushin wuya.

"Ni ma da laifina. Ni na gaya miki, kuma na ji ana karantawa ban hana ba. Ban zo don in ɗora miki ba. Roƙonki na zo yi. Ki bar wa matar nan littafin."

"Zainu..."

"Ki saurare ni. Shekara uku ina bin hanyar nan ta Kabo, damina da rani. Ban taɓa kallon wata ba. In kika tsaya ranar Asabar kika ce ke ce, za su tambaye ki ina kika samo, kuma ko ba ki faɗa ba kowa a Gwarzo ya gane. Baffa ya rantse ba zai karɓa min aurenki ba, kuma ba ni da wani uban sai shi. Kina da kai, za ki rubuta wani. Ni ina zan samo wata ke?"

"Ba wani da zan rubuta," ta ce cikin kuka. "Ka san yadda ake yi wa wadda aka kama da satar fasaha? Hotona za a yi ta yawo da shi. Yaran ajina za su ji. Kuma shi kaɗai ne abin da na taɓa yi da hannuna ya zama abu. Huɗun baya duk kwaikwayo ne, ka sani, kai ma dariya kake musu. Wannan ne kaɗai nawa."

"Naki ne?" ya ce. "Ko na Inna?"

Bai jira amsa ba, ya miƙe ya share fuskarsa da bayan hannu.

"Ba zan tilasta miki ba. Amma ki sani, in aka raba mu, ban san yadda zan yi da raina ba."

Ya tayar da babur ya tafi, ya manta ko sallama bai yi ba.

Ranar Alhamis da hantsi, tana ofishin malamai ta kasa shiga aji, Abubakar Sadiq ya kira. Muryarsa mai daɗi ce, ita ce jarinsa, kuma ya san da haka.

"Malama Badi'a, kada ki ji tsoron komai. Ki taho da littattafan da kika rubuta da hannu, da ranakun da kika tura kowane shafi. Hajiya Zinnira ba ta da ko ɗaya. In kika ci wannan zaman, shi ke nan kin fito. Akwai masu son buga shi, akwai masu son a yi hira da ke. Amma abin da zai rufe bakin kowa shi ne ki faɗi matar. Ki ce ga sunanta, ga garinsu. Mu ɗauki na'ura mu je mu ji daga bakinta."

"Ba zan iya ba. Uwar wanda zan aura ce."

Ya sassauta murya.

"Na ji ƙishin-ƙishin. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma mace irinki tana buƙatar wanda ya san darajar alƙalami, ba wanda zai ce ta ɓoye shi a ƙarƙashin katifa ba. Akwai waɗanda suka daɗe suna jiran su ji an ce ƙofa a buɗe take."

Badi'a ta kashe wayar. Ba ta taɓa jin ƙyamar muryar nan ba sai ranar. Shi kam ko ta wane gefe abin ya faɗi, riba ce.

Ta wuni tana juya maganar. Kowa ya faɗi abin da yake so ta yi: Baffa, Umma, Zainu, mai rediyo. Mutum ɗaya ce ba a ji bakinta ba, kuma ita ce mai abin.

Da safiyar Juma'a ta yi abin da ba a yi. Budurwar da aka sa wa rana ba ta taka gidan surukai, ko a hanya ta hango uwar miji sai ta canza lungu. Badi'a ta sa dogon hijabi, ta gaya wa mahaifinta inda za ta. Ya dube ta ya daɗe, ya ce Allah ya tsare. Ta hau motar Gwarzo.

Gidan bai yi wuyar samu ba, Zainu ya sha kwatanta mata shi. Ta yi sallama sau biyu kafin a amsa.

Inna Uwaliya na zaune a kan tabarma a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. 'Yar siririya ce, fara, da alamar Fulanin da suka daɗe da ajiye sanda suka kama fartanya. Badi'a ta cire takalmi tun daga bakin zaure, ta durƙusa can nesa.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya gida? Ya ƙoƙari?"

"Da godiya. Ya mutan gidan? Daga ina, 'yar nan? Ban shaida ki ba."

"Daga Kabo."

Hannun Inna ya tsaya a cikin ƙwaryar. Ta ɗago ta dube ta tun daga kai har ƙafa, ba fushi, ba fara'a.

"Ke ce."

"Ni ce, Inna. Na zo ki yafe min."

"Matso. Ba na son ɗaga murya, maƙwabta sun ji abin da ya ishe su."

Badi'a ta ja gwiwa ta matso bakin tabarmar. Inna ta ture ƙwaryar gefe.

"Na ji shi duka, tun daga farko. Maƙwabciyata ke kunnawa, katanga ɗaya muke. Makon farko na ce, ashe akwai wata irina a duniya. Na ji sanyi a raina. Har addu'a nake mata in na yi sallah. Da aka zo kan hula sai na gane ni nake yi wa addu'ar."

"Inna, ki yi haƙuri..."

"Ban yi fushi ba a lokacin. Na san wannan yaron ne ya faɗa." Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Na ce ba komai, wadda zai aura ce, gara ta san gidan da za ta shiga. Na ci gaba da saurare. Kin san me nake jira? Ranar da zai dawo. Na ce ko a bakin wani ne, bari in ji yadda sallamarsa za ta kasance. Kullum la'asar na yi, sai in jawo tabarma jikin katanga."

Badi'a ta toshe bakinta da hijabi.

"Sai kika aiko min da matafiyi." Inna ta tsare ta da ido. "Wa ya gaya miki Malam ya rasu?"

"Ba kowa, Inna. Ni na ƙirƙira."

"Don me?"

Da ƙarya za ta yi, ga wurinta nan. Za ta iya cewa don matar ta huta, ko don darasi. Badi'a ta buɗe baki, gaskiyar ce ta fito, tsirara.

"Don mutane su yi kuka. Na ga in ya dawo za a manta da littafin. In ya mutu ba za a manta ba."

Inna ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin gero.

"To sun yi kukan. Har gida suka kawo min shi."

Sai yanzu hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Shekara goma sha tara. Alƙali bai kashe shi ba. 'Yan'uwansa sun yi, sun yi, ba su iya ba. Ko da yaushe na rufe ido ina ganinsa yana shigowa ta zauren can, ya rame, ya yi furfura, amma da ƙafarsa. Tun ranar da aka karanta wurin nan, in na rufe ido bishiyar goro nake gani. Na san ƙarya ce, ke ma kin ce ƙarya ce, amma ta ƙi fita. Jiya Alhamis na ɗauko hular, na ɗebo ruwa, na zauna har azahar ban iya tsoma ta ba."

Badi'a ta kifa goshinta a ƙasa tana kuka kamar ranta zai fita.

"Zan gyara, Inna. Gobe zan je in ce ba ni na rubuta ba. Zan ce na kwafa ne daga matar Kano, ba ta san ku ba, sai mutane su ce dace ne, su ƙyale ki. Na haƙura da littafin. Na haƙura da rubutun gaba ɗaya."

"Wa ya ce ki yi haka?"

"Baffa ya ce..."

"Hambali." Inna ta ja tsaki mara ƙarfi. "Hambali bai zauna shekara goma sha tara ba. Shi bakin mutane yake ji. Ita matar Kanon, ta taɓa ganina? Ta san yadda ake kwana da kunne a ƙofa? A ce zamana duka wata ce ta zauna a kan kujera ta ƙaga shi, ta sa sunanta? A'a. Abin da aka ɗauka a gidan nan, a san a gidan nan aka ɗauka. Ɗago kanki."

Ta ɗago.

"Ki je gobe ki ce ke ce. In sun ce ina kika samo, ki ce Uwaliya matar Nata'ala, a Gwarzo. Ki kuma gaya musu, da bakinki, a rediyon da aka faɗi wancan, cewa ƙarshen ƙarya kika yi, ba wanda ya ga gawarsa. Wannan shi ne haƙƙina a kanki."

"Zan faɗa, Inna. Wallahi zan faɗa."

"Na yafe miki, duniya da lahira. Kin zo da ƙafarki, kuma na tambaye ki kin faɗi gaskiya. Ba kowa zai iya ba."

Wani sanyi ya ratsa ƙirjin Badi'a, irin wanda rabonta da shi tun ranar da Baffa ya zo. Ta buɗe baki za ta yi godiya, Inna ta ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Gidan nan kuma, 'yar nan, ki haƙura da shi."

"Inna!"

"Ba ƙiyayya ba ce. Zuciya ta yafe, ido ne ba zai iya ba. Ɗaki ɗaya ne tsakanina da nasa. Kullum da safe ki zo ki durƙusa ki gaishe ni, in ɗaga kai in ga wadda ta aiko matafiyin? Zan cuce ki ba da niyya ba, ke ma ki zauna kina tsoron fuskata. Shi kuma ba zai bar ni ya fita da ke wani gida ba, ko na ce ya tafi. Ni kaɗai gare shi, shi kaɗai gare ni."

"Inna, ki taimake ni. Ina son sa. Wallahi ban san yadda zan rayu ba."

"Za ki rayu," in ji Inna a hankali. "Ni na san ana rayuwa."

Ta jawo ƙwaryar gyaɗarta, amma ba ta ci gaba da ɓara ba.

"Abu ɗaya zan roƙe ki. Kada ki gaya masa. Ki bar shi ya je masallaci da hankalinsa. In an sauko ni zan gaya masa da bakina, ni na haife shi."

Badi'a ba ta san yadda ta miƙe ba, ba ta san yadda ta sa takalmi ba. Tana fitowa daga zaure ta gan shi. Labari ya riga ya kai shago cewa an ga baƙuwa da dogon hijabi ta shiga gidansu, ya baro aikin ya taho a guje, ya kasa shiga, ya tsaya jikin katanga yana zufa.

"Badi'a! Me ya kawo ki? Me ta ce?"

Ta dube shi.

"Ta ce ta yafe min. Ta ce in je gobe in faɗi gaskiya, ni na rubuta."

"Inna ce ta faɗa? Da bakinta?"

"Da bakinta."

Zainulabidin ya ɗaga hannuwansa sama, baƙin mai da komai.

"Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! To ai magana ta ƙare, in Inna ta yarda Baffa ba shi da ta cewa. Ki yafe min abin da na ce miki shekaranjiya, tsoro ne ya sa. Gobe ni zan kai ki Kano da kaina, in zauna a bayanki, duk wanda ya ce ƙarya kike in tashi in ce ni ne ɗan matar. Ki daina kukan mana! Mun samu duka biyun, littafin da auren. Mu je in raka ki tasha."

Ya tura babur ɗin da hannu, yana tafe a gefenta, yana ta lissafa wanda zai fara gaya wa in an sauko daga masallaci. Ita kuwa ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta, tana amsa masa da to, da in Allah ya yarda. Ta rage sauri da gangan, ta bar shi ya yi murnarsa har bakin mota, don ta san iyakacin murnar ƙarfe biyu na rana, in an sauko masallaci ya koma gida wajen Inna.